Shirin Tarar Annoba Ta Gaba: Abin Da Iyakar Kalmalo Ke Koya Wa Hukuma

A ranar 20 ga watan Mayu na shekarar 2025, wakilan ƙasashen duniya da suka hallara a birnin Janeba ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya suka amince da wata yarjejeniya a kan yadda za a tari annobar da za ta zo nan gaba, bayan an shafe fiye da shekara uku ana kai-komo a kanta. Abin da ya haifar da yarjejeniyar sananne ne, watau irin ɗimuwar da cutar korona ta jefa duniya a ciki daga shekarar 2020, lokacin da aka ga manyan ƙasashe masu dukiya da likitoci sun rasa inda za su sa kansu. Sai dai duk wanda yake son ya san ko alkawuran da aka ɗauka a Janeba za su amfani talakan ƙasar nan, to, ya kama hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta yi arewa, ya yi tafiyar kilomita 80 da 'yan kai har Illela, sa'an nan ya ratse zuwa Kalmalo. A irin wannan wuri ne annoba kan fara nuna kanta, kuma a nan ne ake gane ko hukuma ta shirya ko ba ta shirya ba.

ƘASA BIYU, JAMA'A ƊAYA

Kalmalo ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Illela ta Jihar Sakkwato, kuma tsakanin Illela da Birnin Ƙonni na Jamhuriyar Nijar 'yar gajeruwar tafiya ce. Layin da ya raba su Ingila da Faransa ne suka shata shi a farkon ƙarnin da ya wuce, amma bai raba harshe ba, bai raba aure ba, bai kuma raba kasuwa ba. Ran Lahadi mutanen Ƙonni da na ƙasar Adar sukan cika kasuwar Illela da shanu da raƙuma da tumaki, ran Laraba kuma mutanen Illela su ƙetara cin kasuwar Ƙonni. Haka abin yake wajen neman lafiya. Mutanen wannan ɓangare sun daɗe suna zuwa asibitin Galmi da ke cikin Nijar, wanda aka kafa tun 1950, kamar yadda mutanen can sukan gangaro Sakkwato zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo idan ciwo ya yi tsanani.

Tafkin Kalmalo kansa shaida ne a kan wannan cuɗanya. Ruwansa daga kwarin Maggiya na cikin Nijar yake gangarowa, kuma da farin shekarun 1970 da 1980 ya haɗu da madatsun ruwan da aka gina a can domin noman rani na Ƙonni, sai tafkin da ya yi suna wajen su da noman rani ya ja da baya ƙwarai. Gwamnatocin biyu sun gane cewa ba yadda ɗayarsu za ta tafiyar da ruwan nan ita kaɗai, saboda haka a shekarar 1990 suka sa hannu a wata yarjejeniya a Maiduguri a kan rabon ruwan kwaruruka huɗu da suka haɗa su, har da na Maggiya. Abin da aka gane game da ruwa tun shekara 30 da 'yan kai da suka wuce, har yanzu ba a ba shi cikakken matsayinsa game da cuta ba, alhali ita cuta ta fi ruwa saurin ƙetare iyaka.

TARIHIN SANƘARAU

Ba cutar da ta fi sanƙarau bayyana wannan al'amari. Yankin nan yana tsakiyar shiyyar da cutar ta saba wa ɓarna, wadda ta miƙa daga Senegal har Habasha, kuma lokacinta sananne ne, daga shigowar hunturu zuwa faɗuwar ruwan farko. A shekarar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a jihohin Arewa. Wannan bala'i ne ya sa a shekarar 1997 aka kafa rumbun allurar rigakafi na duniya, wanda ƙasa za ta nemi agaji daga gare shi idan annoba ta ɓarke. A ƙarshen 2010 aka fara yi wa jama'a sabuwar allura mai maganin nau'in cutar da ake kira A, a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi baya a 2011, kuma cikin 'yan shekaru wannan nau'i ya kusa ɓacewa.

Jama'a da hukuma suka yi ajiyar zuciya, ashe tsugune ba ta ƙare ba. A shekarar 2013 wani sabon iri na nau'in C, wanda waccan allura ba ta maganinsa, ya ɓulla a Jihar Sakkwato. A 2014 aka gan shi a Kebbi. A 2015 ya ƙetara Nijar ya kama mutum fiye da 8,000, ya kashe fiye da 500, har cikin birnin Yamai. Daga watan Disamba na 2016 kuma ya sake tashi daga Zamfara ya bazu zuwa Sakkwato da Katsina da wasu jihohi, kafin damina ta kwantar da shi an lissafa mutum fiye da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 kuma sun riga mu gidan gaskiya. Duk mai lura zai ga cewa cutar ta ba da sanarwa har shekara uku a jere, tana zagaya gidaje ɗaya na dangi ɗaya a ɓangarorin iyaka biyu. Duk da haka, a annobar 2016 zuwa 2017 sai da aka shiga watan Afrilu kafin a fara yi wa jama'a allurai 500,000 na farko da aka samo daga rumbun duniya, watau kusan wata huɗu bayan faɗuwar marasa lafiya na farko.

Jinkirin nan yana da dalilai da ya kamata kowane ma'aikacin gwamnati ya fahimta. Ba a sakin allura daga rumbun duniya sai ƙasa ta nuna hujja biyu. Ta farko ita ce yawan waɗanda suka kamu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, idan aka sami mutum 3 cikin 100,000 a mako guda, sai a shiga faɗakarwa, idan kuwa suka kai 10 to annoba ta tabbata, kuma ana so a fara allura cikin mako huɗu. Hujja ta biyu ita ce sanin nau'in ƙwayar cutar, wanda ba ya samuwa sai an ɗebi ruwan laka daga bayan mara lafiya, an zuba a kwalba ta musamman, an kai ɗakin gwaje-gwaje kafin ya lalace. A 2017 kaɗan ne ƙwarai daga cikin marasa lafiyar aka ɗebi ruwan lakarsu, saboda ƙarancin waɗanda suka iya aikin da ƙarancin kayan yinsa.

To, a nan ne iyaka take ɓata lissafi. A ɗauka misali cewa wani yanki mai mutum 100,000 a ɓangaren Nijeriya ya sami mutum 12 da suka kamu cikin mako guda. Idan dangi suka kai 5 daga cikinsu Ƙonni ko Galmi, littafin Illela zai nuna 7 ne kawai, watau annoba ba ta tabbata ba a takarda, alhali ta tabbata a cikin gari. Su kuma 5 ɗin za su shiga littafin wata ƙasa, a aika da su Tawa, daga nan Yamai, da harshen Faransanci. Labarin da jami'in lafiya na Illela zai iya samu daga takwaransa na Ƙonni cikin minti biyar ta wayar hannu, idan aka bar shi ya bi hanyar ofis sai ya zaga ta Yamai da Abuja da Sakkwato kafin ya dawo inda ya fito. Kowane mako da aka rasa a wannan zagaye, da rayukan yara ake biyansa.

RUFE IYAKA SAU UKU

Maganin da hukuma ta fi saurin ɗauka idan hankali ya tashi shi ne rufe ƙofa, kuma mutanen Illela sun ga haka sau uku cikin shekara biyar. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa domin hana fasa-ƙwaurin shinkafa, a watan Nuwamba kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, dokar da ba ta bambanta tankar ɗan sumoga da injin wutar asibiti ba. A watan Maris na 2020, bayan an sami mai korona na farko a Legas ran 27 ga Fabrairu, na farko a Nijar kuma ran 19 ga Maris, aka ƙara tsananta rufewar, ba a buɗe ƙofar Illela ba sai ran 16 ga Disamba na wannan shekara. Na uku ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023, lokacin da Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, aka kuma yanke wutar lantarkin da Nijeriya ke ba Nijar, har zuwa watan Maris na 2024.

Ko wace hujja aka bayar ta tattalin arziki ko ta siyasa, sakamakon abin ta fuskar lafiya iri ɗaya ne. Iyakar ƙasashen biyu ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne fetal, ba kogi ba dutse. Idan aka rufe ƙofar da ke da jami'in kwastan da na shige da fice da malamin lafiya, jama'a ba sa fasa zuwa jana'izar 'yan'uwansu, sai dai su hau babur su bi ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, inda ba mai auna zafin jikin kowa, ba mai rubuta sunan kowa. Abin da rufewa take tsayarwa da gaske shi ne motar magani da takardar hukuma. A 2023 Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya koka cewa kwantenonin kayan agajinsa sun maƙale a hanyar Kwatano, kuma ɗaukewar wuta tana barazana ga firjin ajiye allurar rigakafi a Nijar. A cikin wannan shekarar ce kuwa cutar mashaƙo, wadda ta fi yin ɓarna a Kano, ta ɓulla a Matamaye ta jihar Damagaram. Kafin wannan, a 2021, amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ya kashe kimanin 3,600, kuma a daminar nan ɗaya ya kama fiye da 5,000 a Nijar, musamman a jihohin da ke maƙwabtaka da Nijeriya, har da Tawa wadda Ƙonni ke cikinta. Yaron da ba a yi wa allura ba a Ƙonni saboda firji ya mutu, hatsari ne ga yaron Kalmalo.

ƊAKIN SHAN MAGANI

Akan yawaita kafa hujja da nasarar da Nijeriya ta samu a kan cutar Ebola a 2014, kuma nasara ce ta gaske. Wani matafiyi daga Laberiya ya sauka Legas da cutar ran 20 ga Yuli, likita Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta rasa ranta a sanadiyyar haka. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ran 20 ga Oktoba aka bayyana ƙasar ta tsira. Amma abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ma'aikatan da suka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida, da tsarin da suka yi aiki da shi, an gaje su ne daga yaƙin da aka daɗe ana yi da cutar shan inna. Watau kayan aikin da aka riga aka saba da su a ranakun zaman lafiya ne suka yi rana. Tambayar da ta kamata ita ce, da matafiyin nan ta kasuwar Illela ya shigo, wa zai fara ganinsa, kuma kwana nawa za a yi kafin Abuja ta ji?

Wanda zai fara ganinsa shi ne malamin ɗakin shan magani na mazaɓa, ko mai kantin magani, ko wanzami. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya gane haka, shi ya sa ya ɗora tsarin lafiyar ƙasa a kan ƙananan hukumomi, ya fara da guda 52 a 1986, har a 1990 aka ba da rahoton cewa rigakafin yara ya kai kimanin kashi 80 cikin ɗari. Bayansa ginin ya zube. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato kashi 3 cikin ɗari ne kacal na yara suka sami zagaye na uku na allurar nan mai maganin cuta biyar, wadda mashaƙo ke cikinsu. An yi ƙoƙari tun daga lokacin, amma wannan adadi ya isa ya nuna zurfin ramin da ake fitowa daga ciki.

Ta fuskar doka kuwa ba a rasa tanadi ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai. A watan Nuwamba na 2018 aka sa hannu a dokar da ta ba Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa cikakken iko. A zamanin korona ɗakunan gwajin ƙwayoyin cuta, waɗanda ba su kai 10 ba a farkon 2020, suka haura 100. Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi da ma'aikata. A taron Abuja na 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu, amma kason Gwamnatin Tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 4 da 6. A 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, waɗanda suka rage kuma galibinsu suna manyan birane.

Daɗin daɗawa ga matsalar tsaro. Tun daga 2019 dubban mutanen gabashin Sakkwato da Zamfara suka yi gudun hijira zuwa jihohin Maraɗi da Tawa, kuma a watan Nuwamba na 2021 hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Illela da Goronyo suka hallaka mutum fiye da 40. Ma'aikacin da aka turo daga nesa, ba gidan kwana, ba ruwa, ba tabbacin zai wayi gari, ba za a yi mamaki ba idan ya koma birni ya riƙa leƙowa ran kasuwa. Ɗakin shan maganin da ke kulle kwana biyar a mako ba zai ga annoba ba sai ta cika maƙabarta, kamar yadda aka gani a Kano a watan Afrilu na 2020, inda masu haƙar kabari suka riga hukuma sanin cewa mace-mace sun yi yawa.

AMANA

Akwai kuma wani jari wanda ba ya cikin kasafin kuɗi, shi ne yardar jama'a. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya shafi yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu. Kamfanin ya musanta aikata laifi, amma a 2009 ya sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa ƙin allurar shan inna a 2003, wanda ya sa cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashe kimanin 20. A Nijar ma, a tsakiyar annobar 2015, an gano allurar sanƙarau ta jabu tana yawo. Ba a shawo kan mutane da 'yan sanda ba. An shawo kansu ne da aka kafa kwamitin sarakunan Arewa a 2009 ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai da dagatai da limamai suka shiga gaba, har aka kai ga bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna ran 25 ga Agusta, 2020. Uwar da ta je asibiti da zazzaɓin ɗanta aka ce ba magani, sa'an nan aka biyo ta har gida da allurar da ba ta nema ba, tana da dalilin yin tambaya. Amana a ranar annoba ana sayenta ne da kyakkyawar hidima a sauran ranaku.

TAIMAKON WAJE YA JA BAYA

Abin da ya ƙara wa maganar nan gaggawa shi ne sauyin da aka samu a 2025. A watan Janairu Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta dakatar da yawancin agajin da take bayarwa a waje, har Majalisar Tarayya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya domin cike giɓi. Ran 29 ga wannan wata kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, alhali hukumar lafiyar ƙungiyar ta yi shekaru da hedkwatarta a Bobo-Julaso ta Burkina Faso, cibiyarta ta sa ido a kan cututtuka kuma tana Abuja. Ke nan rumfar da jami'an lafiyar ƙasashen biyu suka saba haɗuwa a ƙarƙashinta ta yaye, a daidai lokacin da baƙin da suka saba biyan kuɗin mota da na taro suke naɗe tabarmarsu.

Duk da haka ba a rasa madafa ba. Ƙasashen biyu suna cikin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma Dokokin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda aka yi wa gyara a 2024, sun ƙarfafa maƙwabta su ƙulla yarjejeniya a kan mashigansu na ƙasa. Akwai kuma Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971 da hedkwata a Yamai, ta girmi ECOWAS, kuma ba ta dogara da ita ba. Makami ma ya samu, domin a 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai maganin nau'i biyar na sanƙarau, Nijar ta biyo baya a wannan shekara. Amma sake ɓarkewar cutar a Kebbi da Sakkwato a farkon 2025 ya nuna cewa allura mai kyau ba ta amfani sai labari ya isa da wuri.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, a kafa zaunannen kwamitin lafiya tsakanin Illela da Ƙonni a ƙarƙashin Hukumar Haɗin Gwiwa, a ba jami'an sa ido na ɓangarorin biyu izini a rubuce su riƙa musayar alƙaluma kowane mako kai tsaye, a kuma riƙa rubuta garin da mara lafiya ya fito, domin a mayar da shi lissafin yankinsa. Haka za a yi a Jibiya da Maraɗi, da Maigatari da Damagaram. Allurar gangami kuma a riƙa yin ta rana ɗaya a ɓangarorin biyu, kamar yadda aka sha yi a yaƙin shan inna.

Na biyu, a rubuta a doka cewa duk dalilin da zai sa a rufe iyaka, ba zai shafi mara lafiya da magani da allura da samfurin gwaji da man asibiti ba, kuma teburin malamin lafiya na bakin ƙofa zai ci gaba da aiki. Masu kula da tsaro za su ce 'yan bindiga da 'yan Lakurawa suna iya fakewa da wannan sassauci, ga kuma rashin jituwar da ke tsakanin gwamnatocin biyu. Damuwa ce mai tushe, sai dai ɗan bindiga bai taɓa buƙatar ƙofar kwastan ba. Ƙofar da aka bari a buɗe ana bincike ta fi ba hukuma ido a kan masu wucewa fiye da wadda aka garƙame.

Na uku, Gwamnatin Jiha da Ƙaramar Hukuma su tabbatar asibitin kowace mazaɓa ta kan iyaka yana da ma'aikata masu kwana a garin, da firji mai aiki da hasken rana, da ruwa mai tsabta, da babur, da kwalaben ɗaukar samfuri tun kafin hunturu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki 'ya'yan yankin, maza da mata, a tura su makarantun koyon aikin lafiya bisa sharaɗin su dawo gida su yi aiki. Kuɗin da aka aiko wa asibiti kuma a liƙa adadinsa a bango, kowa ya gani. Injinan gwajin da aka saya a zamanin korona kada a bar su su yi tsatsa, a juya su ga sanƙarau da mashaƙo da sauransu, domin samfurin Illela ya sami amsa a Sakkwato.

Na huɗu, a shigar da ungozoma da wanzamai da masu kantin magani da limamai da masu haƙar kabari cikin masu kai rahoto, a haɗa da malaman dabbobi na kasuwar Illela. A 2016 wani zazzaɓi da ake ɗauka daga dabbobi, wanda likitoci ke kira da sunan kwarin Rift na Kenya, ya kashe mutum fiye da 30 a yankin Cintabaraden na jihar Tawa, shiyyar da dabbobi ke gangarowa kudu daga cikinta.

Na biyar, a riƙa auna aiki da kwanaki. Masana sun fito da ma'auni mai sauƙi a 2021: a gano ɓarkewar cuta cikin kwana 7, a sanar da hukuma cikin kwana 1, a kammala matakan farko cikin kwana 7. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jiha ta riƙa gabatar wa Majalisar Dokoki, kowace shekara, kwanakin da kowace ƙaramar hukuma ta ɗauka a kowace ɓarkewa, ta kuma ajiye asusun gaggawa wanda za a iya taɓawa cikin kwana guda ba tare da jiran fayil ya zaga ofisoshi ba.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan matakai da ke jiran ƙasashen duniya su gama sa hannu a yarjejeniyar Janeba, kuma kuɗinsu duka bai kai na gina babban asibiti guda ba. Lokacin sanƙarau sananne ne, na amai da gudawa ma sananne ne, wadda ba a san ranarta ba ita ce baƙuwar annoba irin korona, ita ma kuwa hannun da ya saba tarar waɗancan ne zai tare ta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Alhakin yana kan Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Gwamnatin Jihar Sakkwato da Ƙaramar Hukumar Illela, su zauna da takwarorinsu na Tawa da Ƙonni tun da kaka, kafin iskar hunturu ta taso.